Mayar da tsohon gini zangonsa a Revit, daga bango har ɗakuna

Samfurin da na yi aiki a kansa na ginin ofis ne mai hawa biyu da za a yi wa kwaskwarima: a rushe wasu bangaye na ciki, a toshe ƙofofi uku, a ƙara ɗakuna ta baya. An zana komai da komai a zango ɗaya, tsohon gini da sabon ƙari, don haka a wurin manhajar duk ginin sabo ne fil. Jadawalin ƙofofi ne ya tona asiri, domin ya kawo ƙofa 58 da za a saya, alhali sababbin 14 ne kacal, sauran 44 ɗin suna nan a jikin ginin.

Abin da nake kira zango shi ne wanda Revit, manhajar zana samfurin gini, ta rubuta Phase, abin da nake kira mahanga kuma shi ne View, wato filan ko yanki ko hoton 3D da ake kallon samfurin ta cikinsa. Kowane bango, ƙofa, taga, silin ko bututu yana da gurbi biyu a allon Properties, ƙarƙashin Phasing. Na farko Phase Created, zangon da aka gina shi. Na biyu Phase Demolished, zangon da aka rushe shi, wanda yake zama None muddin ba a rushe shi ba. Babu inda aka rubuta wa bango "tsoho" ko "sabo". Manhajar tana lissafo wannan ne duk lokacin da aka buɗe mahanga, ta hanyar gwada waɗannan gurabe biyu da zangon ita mahangar. In an gina abu a zangon mahangar, sabo ne. In an gina shi kafin nan kuma bai faɗi ba, tsoho ne. In an gina shi kafin nan aka rushe shi a wannan zangon, rusasshe ne. In kuwa ginawa da rushewa duk a zango ɗaya suka faɗo, na wucin gadi ne. Bango ɗaya zai iya zama sabo a wannan filan, tsoho a na gaba, ba tare da an taɓa shi ba.

Daga nan ɓarnar ta samo asali. Duk abin da aka zana yana ɗaukar zangon mahangar da aka zana shi a ciki, ba tare da manhajar ta tambayi kowa ba. Mahangun da suka zo da fayil ɗin farko suna kan New Construction, aka hau zane a kansu ba a duba ba.

Kafin in taɓa komai na ajiye kwafin fayil ɗin a gefe, na rubuta adadin ƙofofi, tagogi da faɗin bangaye daga jadawalai. Fayil ɗin na haɗaka ne, don haka sai da kowa ya tura aikinsa babban fayil ya saki abubuwan da ya riƙe. Bango ɗaya da ke hannun wani ya isa ya tsayar da canjin ɗari da ka zaɓo tare da shi.

Sai na buɗe Manage, na shiga Phases. Zango biyu na tarar, Existing a sama, New Construction a ƙasa, kuma haka na bar su. Jerin yana tafiya ne daga baya zuwa gaba, kuma ba a sauya wa zango wuri bayan an kafa shi. Ana iya cusa sabo kafin wani ko bayansa, ana iya canza suna, amma ba a goge shi, sai dai a narkar da shi cikin na samansa ko na ƙasansa. Akwai masu ƙara zango na uku a tsakiya su sa masa suna rusau. Ban ga amfaninsa ba, illa ma. Rusau yana faruwa ne a cikin zangon sabon aiki, matatar zango, wato Phase Filter da ke zaɓar abin da mahanga za ta nuna, ita ce ke raba zanen rusau da zanen gini. In ka ware masa zango, bangon da za a toshe ƙofa da shi zai faɗo a zangon rusau, ya koma tsoho a zangon gini, mai ƙididdiga ya rasa shi a jerin sabon aiki. Ga kuma ɗakuna da sai ka sake zuba su karo na uku.

Akwai gajeriyar hanya da na auna na bari. Da a ce duk abin da ke cikin samfurin tsoho ne, sai kawai a zaɓi New Construction a danna Combine with Previous, komai ya zube cikin Existing lokaci guda, sannan a cusa sabon zango a ƙasa a ba shi tsohon sunan. Minti biyu an gama. Amma wannan tana kwashe har da mahangu da ɗakuna. Ɗakunan da ke samfurin na sabon tsari ne, filan fiye da ashirin kuma sun riga sun hau takardu a matsayin zanen sabon aiki. Dawo da su ya fi canza bangayen wahala. Haka kuma duk abin da aka gina a zango na farko aka rushe a na biyu zai rikiɗe ya zama na wucin gadi da zarar an haɗe su.

Don haka na bi doguwar hanya. Na kwafi mahangar 3D sau biyu, duka a zangon New Construction. Ta farko na sa mata matatar Show New, ta biyu Show All, na jera su gefe da gefe. Hikimar ita ce duk abin da na mayar tsoho zai ɓace daga ta farko, ya yi toka-toka a ta biyu. In an gama, abin da ya rage a ta farko shi ne sabon aikin, ba ƙari ba ragi. Na zaɓi 3D ne saboda ba ta cike da rubutu, ma'auni da alamun ƙofofi kamar filan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: allon Properties yana nuna guraben da duk abubuwan da aka zaɓa suka yi tarayya a kansu ne kawai. Layin grid ɗaya ko alamar ƙofa ɗaya ta shiga cikin zaɓin, sai sashen Phasing ya ɓace gaba ɗaya, mutum ya yi ta nema. Grid, layukan hawa, ma'auni, rubutu da layukan zane na mahanga ba su da zango. Tun daga Revit 2019 layukan hawa suna bayyana a 3D, su ma sai an cire su. Maganin shi ne bayan an ja zaɓi, a danna alamar mazurari da ke ƙasa ta dama, a cire alamar duk rukunin da ba shi da zango.

Da akwatin yanka, wato Section Box da ke taƙaita abin da 3D ke nunawa, na killace hawa ɗaya-ɗaya, na kuma tsayar da shi daidai inda tsohon gini ya ƙare. Jan zaɓi daga hagu zuwa dama yana ɗaukar abin da ya shige ciki gaba ɗayansa ne, daga dama zuwa hagu kuwa yana kwasar duk abin da layin ya taɓa. A bakin mahaɗar tsoho da sabo na farkon ya fi aminci.

Tsarin da aka bi wajen canzawa yana da tasiri. Ƙofa ba ta riga bangon da take jikinsa zuwa duniya, ba ta kuma wanzuwa bayan an rushe shi. In kana mayar da abubuwa baya, bango ne farko, sannan ƙofofi da tagogi, ko kuma a zaɓe su tare a canza lokaci guda. In kana tura su gaba, ƙofofi ne farko. Na fara da ginshiƙai, bim da dekin, sai bangaye, sai rufi da silin, sai matakala da makarinta na ƙarfe, sannan ƙofofi da tagogi. Kowane rukuni na canza Phase Created zuwa Existing, na danna Apply, na duba mahangun biyu kafin in wuce. Ban ɗauka cewa ƙofa ta bi bangonta ba sai na danna ta na karanta gurbin da idona. Huɗu daga cikin sababbin ƙofofi 14 a jikin tsofaffin bangaye za a fasa su, waɗannan dole su tsaya a New Construction ko da bangonsu ya koma baya, don haka na rubuta lambobinsu tun farko na tabbatar da su a ƙarshe.

Zagaye na farko bai kwashe komai ba, kuma ba ya taɓa kwashewa. Abin da mahanga ba ta nuna ba, zaɓi ba ya kama shi. Rukunin kayan banɗaki a kashe yake a wannan mahangar, sai da na kunna. Wasu silin an ɓoye su da hannu, sai da na danna ƙwan fitilar da ke ƙasa suka fito da ja. Ginshiƙan duk an kafe su da fil, maɓallin zaɓar kafaffun abubuwa kuma a kashe, don haka zaɓin ya tsallake su. Abin da ke cikin rukunin aikin da aka rufe, wato workset na fayil ɗin haɗaka, ma haka. Banɗakunan an ɗaure su a matsayin group, na warware su kafin in canza, domin na hawan ƙasa tsofaffi ne, na sama kuwa ɗaya daga ciki sabo, ba na so canjin wani ya ja wani. Bangon gilashi kuma gaba ɗayansa yake tafiya: fale-falen gilashin da sandunan alminiyom suna bin zangon uwar bangon, ba a ware ɗaya a rushe. In ana son cire wani sashe, sai an yanka bangon gida biyu tukuna. Bututun ruwa na zaɓe su da maɓallin Tab don a kama layin duka har da gwiwoyi da mahaɗai, in ba haka ba sai ka ga tsohon bututu da sababbin gwiwoyi suna reto a filan.

Da tsoho ya zauna a wurinsa sai rusau. Kayan aikin guduma ce, tana shafin Modify da sunan Demolish, kuma abin da take yi kawai shi ne ta rubuta zangon mahangar da kake ciki a gurbin Phase Demolished. A nan ake yawan faɗawa rami. Hankali yana ba mutum cewa tunda tsohon bango zai rushe, ya buɗe filan ɗin tsohon gini ya buga guduma. In ya yi haka, bangon zai zama an gina shi an rushe shi duk a Existing, wato na wucin gadi, sai ya ɓace daga zanen tsohon gini da na rusau baki ɗaya. Guduma a mahangar New Construction ake buga ta. In an yi kuskure, ana nemo abin a mahanga mai Show All a zangon da aka buga, a mayar da gurbin None ko a zaɓi zangon da ya dace. Ni kam da abubuwa suka yi yawa na ajiye gudumar, na zaɓe su na cike gurbin da hannu, don wannan ba ruwansa da mahangar da kake ciki.

Bango ba ya rushewa rabi. Inda za a cire mita 3 daga bango mai mita 8, sai na yanka shi da Split Element a daidai wurin, na rushe guntun. Abin da ya fi cin lokaci shi ne kusurwoyi. Bangaye biyu da suka haɗu suna cin juna, in ɗaya ya faɗi sai ƙarshen ɗayan ya fito da giɓi ko tsini, wani lokaci ma sabon bango ya ja tsoho ya canza masa tsawo. A kowace irin wannan mahaɗa na danna ɗigon ƙarshen bangon da hannun dama na linzami, na zaɓi Disallow Join, na ja shi ya tsaya a fuskar ɗan'uwansa. Gara a yi haka kafin rushewa. Inda tayil ɗin bango kawai za a kankare a bar bulo, na yi amfani da Create Parts, wanda ke raba bango shimfiɗa-shimfiɗa. Kowace shimfiɗa tana zuwa da alama a Phase Demolished By Original, a cire alamar sai gurbin rushewa ya buɗe mata ita kaɗai. Sai dai ba za a ga wannan ba sai a mahangar da aka sa wa Show Parts, don haka filan ɗin rusau na banɗaki ne kawai na juya haka.

Ƙofofi ukun da za a toshe su ne wurin da manhajar ke yin aiki da kanta ba ta faɗa ba. Da ka rushe ƙofa a bangon da zai tsaya, Revit tana cike ramin da wani guntun bango na toshiya, irin bangon da ke wurin, kuma tana lissafa shi sabo. Ba ya matsawa, ba a ja masa tsawo, amma ana canza masa nau'i. Na yi kwafin nau'in bangon mai kaurin milimita 225, na sa masa suna toshiya, na juya ukun zuwa gare shi don su fito daban a jadawali. Kowace ƙofa milimita 900 ce a 2100, wato murabba'in mita 1.89, uku kuma 5.67, adadin da zan nema daga baya. Akasin haka ma yana faruwa. Sababbin ƙofofi huɗun nan da ke jikin tsofaffin bangaye, kowace manhajar ta yi mata toshiya ta baya, ta yadda a filan ɗin tsohon gini bangon a cike yake, a filan ɗin rusau kuma guntun da za a fasa ya fito da tsinkakken layi. Wanda bai san da wannan ba sai ya yanka bangon da hannu ya rushe guntu don ya sa ƙofa, ya ninka wa kansa aiki. Inda ake son rami a buɗe ba ƙofa ba toshiya, dole a sa buɗaɗɗiyar kafa sabuwa a wurin bayan rushe ƙofar, in ba haka ba toshiyar za ta zauna daram. Sauran ƙofofi biyar da za su tafi suna jikin bangayen da aka rushe ne, su kam sun faɗi tare da bangayensu.

Ɗakuna dokarsu daban. Ɗaki ba shi da gurbin ginawa da rushewa, zango ɗaya tak yake da shi, kuma gurbin a kulle. Ba ya ƙetarawa zango na gaba kamar bango. Ɗakunan samfurin duk na New Construction ne, filan ɗin tsohon gini fayau. Na zaɓi waɗanda ba su canza ba, na kwafe su, na buɗe filan mai zangon Existing na hawan, na liƙa su da Aligned to Current View, suka sauka da sunayensu. Waɗanda tsarinsu ya bambanta na zuba su da hannu. Wanda ya yanke ɗaki maimakon ya kwafa, ya tuna cewa na asalin bai mutu ba, yana nan a jadawali da alamar Not Placed sai an goge shi daga can. Bayan rusau, ofisoshi biyu da bangon tsakaninsu ya tafi sun zama fili ɗaya, ɗayan ya koma Redundant Room, na cire shi. Wani kuma ya koma Not Enclosed saboda layin raba ɗaki da ke rufe shi yana zangon gaba. Waɗannan siraran layuka suna da zango kamar bango, ba sa fitowa a 3D, sai a filan na bi su.

Kowace takarda sai da na daidaita mahangarta. Filan ɗin tsohon gini: zango Existing, matata Show Complete. Na rusau: New Construction da Show Previous + Demo. Na sabon aiki: New Construction da Show Previous + New. Template na mahanga yana riƙe matata amma ba ya riƙe zango, shi ya sa zangon sai an bi ɗaya bayan ɗaya, ko a zaɓi mahangu da yawa a jerin hagu a canza tare. Alamun ƙofofin da suka rushe sun ɓace daga filan ɗin sabon aiki, wasu ma'aunai kuma sun rasa abin da suka jingina da shi, na sake ja. Bangaye biyu sun ƙi yin toka-toka duk da gurbinsu daidai ne. Dalili shi ne launin zango yana danne na rukuni, amma matatar mahanga (View Filter, daban take da matatar zango) da launin da aka shafa wa abu da hannu suna danne shi. An taɓa shafa musu baƙi, na goge suka bi sahu. Daga fitowar 2022 ana iya sa zangon ginawa da na rushewa a cikin ƙa'idojin matatar mahanga, wannan yana da amfani wajen bincike: tsoho shuɗi, sabo ja, ka zagaya samfurin ka ga baƙon da ya maƙale.

Samfurin injiniyan ƙarfe da kankare a haɗe yake da nawa, nasa zangunan uku ne da wasu sunaye. Sai da na zaɓi haɗin, na shiga Edit Type, na buɗe Phase Mapping, na faɗa wa manhajar wane zango nawa ke daidai da wane nasa. Kafin nan sababbin ginshiƙansa suna leƙowa a filan ɗin tsohon gini.

A gini mai hawa goma ba zan yi wannan da hannu ba, Dynamo zan ɗauka, kayan aikin da ke sa Revit ta maimaita aiki da kanta. Abin lura a can shi ne gurbin Phase Created ba ya karɓar sunan zango a rubuce, shi kansa zangon ake miƙa masa, kuma sai an tace abubuwan da gurbinsu ke kulle kafin a tura. A Archicad kuwa, wata manhajar zana gini, tun fitowa ta 15 a 2011, hali uku ake liƙa wa abu kai tsaye, tsoho, abin rushewa ko sabo, don haka wanda ya saba da can sai ya yi ta neman maɓallin da babu shi a Revit.

Jadawali ma mahanga ce, yana da zango da matata. Da su na rufe aikin. Na ƙofofi a Existing da Show Complete ya ba da 44. A New Construction da Show New ya ba da 14, da Show Complete kuma 50, wato 44 a cire 8 a ƙara 14. Na bangaye ya kawo nau'in toshiya da murabba'in mita 5.67. Tagogi ne suka ƙi cika, sababbi suka haura da ɗaya. Na danna layin a jadawali na ce a nuna min shi a samfuri, ashe ƙaramar tagar sama ce a bayan matakala, akwatin yanka ya raba ta biyu tsakanin hawa da hawa, zaɓin hagu zuwa dama ya tsallake ta sau biyu. Na mayar da ita Existing, toshiyar da manhajar ta yi mata a tsohon filan ta ɓace, adadin ya cika.